Na Bar Surukata A Gindin Dogonyaro A Bakin Iyaka

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe yana danne mani ƙirji. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa jinina ne, kuma suna raye.

Ni haifaffiyar Fagada ce a ƙasar Jega, amma lokacin da wannan abu ya same ni na yi shekaru masu yawa ina aure a wani ƙauye cikin ƙasar Nijar, inda Zabarmanci ne harshen gari. Mijina ɗan kasuwar albasa ne. Duk lokacin da albasa ta fito yakan zo Aliero ya sauka gidan wani dattijo dillali, ni kuma a lokacin ina wajen gwaggota ina taya ta sayar da tuwo a bakin kasuwa. A nan muka ga juna. Ni na ce ina son sa, ba wanda ya tilasta ni, hasali ma 'yan gidanmu sun so in haƙura saboda nisa. Da na tare sai na tarar da gidan mutum biyu ne kawai, shi da mahaifiyarsa, don duk 'ya'yan da ta haifa shi kaɗai ya rayu. Inna nake ce mata. Ita ta koya mani harshensu, ta nuna turmi ta faɗi sunansa, in maimaita in karkace, ta yi ta dariya har da hawaye. Allah bai ba ni haihuwa ba, ciki biyu na yi duk suka zube, amma ko sau ɗaya ban ga canji a fuskarta ba. Idan matan gari suka fara yi mata zancen jika, sai ta ce ita Allah ya riga ya ba ta 'ya da girmanta, ba ta sha wahalar goyo ba.

Masu bindiga sun fara zuwa yankinmu ne a kan babura, su tara mutane su yi wa'azi, su kore shanu su ce zakka ce. Muka yi ta haƙuri muna cewa zai wuce. Wata ranar kasuwa, cikin damina, mijina ya fita ya ce zai sayo wa Inna maganin ƙafa, don ƙafafunta sun kumbura kuma yanar ido ta rufe mata gani. Bai dawo ba. Da la'asar muka ji harbi, kafin magariba aka zo aka ce yana cikin waɗanda suka faɗi. Tsofaffin gari ne suka binne su a gurguje, ba a ma bari mun gan shi ba. Washegari gari ya watse. Maƙwabtanmu suka taimaka muka ɗora Inna a amalanken jaki, daga baya muka samu motar kaya, muka nufo gabas. Ni takaba ta hau kaina a kan hanya. An ce mace ta yi takaba a ɗakin mijinta, ni kuwa ɗakin na bar shi a buɗe, da tukunyar miya a kan murhu.

Shekarar da aka rufe iyaka tsakanin ƙasashen nan biyu ce. Da muka iso bakin iyakar muka tarar da mutane jibge a wani fili mai itatuwan dogonyaro, kowa ya kama gindin itace ya mai da shi gida. Masu ƙarfi suna hawa babur su bi ta daji, amma Inna ko zama sosai ba ta iyawa balle ta riƙe wani a kan babur, kuma mun ji an tare wasu mata a hanyar an ƙwace musu komai. Na ari waya na kira yayana da ke Jega, mahauci ne. Allah ya saka masa, bai ɓata lokaci ba ya zo da shaidar cewa ni 'yar Najeriya ce. Jami'an suka duba suka ce ni zan iya wucewa, amma tsohuwa ba 'yar ƙasa ba ce, kuma umarnin da aka ba su bai ware kowa ba. Na roƙa, na durƙusa, suka ce ba a hannunsu abin yake ba. Sai yayana ya ja ni gefe ya ce, "Taso mu tahi gida. Tsohuwar ga ba ta rasa mutanenta nan. In hanya ta buɗe ni da kaina zan zo in ɗauke ta."

Ban ɓoye wa Inna komai ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce bai dace mace mai takaba ta zauna a fili cikin maza ba, in je in samo mana wuri, ita tana nan. Edita, a nan ne na yi abin da har gobe nake jin zafinsa. Gaskiya na gaji, ina jin yunwa, ina jin tsoro, kuma da na ji ta ce in tafi sai na ji wani sauƙi a raina, ban yi mata gardama ba. Na ɗaure mata sauran garin da muke da shi, na ajiye buta da carbi inda hannunta zai kai, na lulluɓe ta da zanena mai kauri, na ba wata maƙwabciyarmu amanarta. Da muka ƙetare na waiwaya. Tana zaune tana ɗaga hannu, amma wajen da take ɗaga wa hannun ba nan nake ba, don ba ta gani. Ta yi ta yi wa iska bankwana har muka shiga mota.

A Jega an karɓe ni hannu biyu. Matar yayana ta share mani ɗaki, ta ba ni kayan sawa, ba ta taɓa ɓata mani ba. Dangi daga Fagada suka yi ta zuwa gaisuwa, ɗaki ya cika ya fashe, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan kwanaki ba. Ba wanda ya san mijina a cikinsu sai a ranar ɗaurin aure. Bazabarmen nan suke ce masa, su yi addu'a, su koma hirar farashin taki. Ba wanda zan ce wa ya tuna yadda yake dariya, ko yadda yake ƙin yaji. Da asuba bakina kan suɓuce in gai da Inna da harshensu, sai in ji shiru. Idan hadari ya haɗo kowa na murna saboda gona, ni kuwa sai in zauna ina jin ruwa na dukan kwano, ina tunanin ganyen dogonyaro ba ya tare komai. Duk lokacin da na tuna wa yayana alkawarinsa sai ya ce sai an buɗe. Rannan na matsa masa, ya fito mani da gaskiya. Ya ce gari a tsorace yake, an kai hari wasu ƙauyuka, ana cewa baƙi ne ke kai wa 'yan bindiga rahoto, duk wanda ya saukar da baƙon Nijar ido zai dawo kansa, shi kuma yana da 'ya'ya da sana'a. Na ce masa makauniya ce, tsohuwa ce, wane rahoto za ta kai? Ya ce mutane ba sa tambayar wannan.

Ana haka maƙwabciyar da na ba amana ta kira ni. Ta ce su sun gaji, za su koma wajen wasu danginsu a cikin ƙasarsu, sun yi juyin duniya Inna ta bi su ta ƙi. Wai ta ce idan ta tashi daga gindin itacen nan 'yarta za ta zo ba ta same ta ba. Sun bar ta, sun roƙi wani mai shayi ya riƙa leƙa ta. Daga ranar wayar matar ba ta sake shiga ba. Na daina cin abinci.

Akwai wata malama da ke zuwa gidan tana koya wa mata karatu da hantsi. Ita ta lura da ni, ta zauna ta tambaye ni a hankali, na kwashe komai na faɗa mata. Ashe matar limamin masallacin Juma'ar unguwar ce. Washegari ta dawo da shi, dattijo mai sanyin murya, ya tsaya daga bayan labule ya sa na maimaita. Bai yi mani faɗa ba, bai kuma ce ban yi laifi ba, ya dai ce tun da tana raye akwai sauran gyara. Ranar Juma'a ina ɗaki na ji huɗubarsa ta lasifika. Ya tuna wa mutane cewa Musulmin farko da aka takura musu gudu suka yi zuwa Habasha, kuma sarkin da ya ba su mafaka Kirista ne, bai mai da su hannun masu neman su ba. Ya ce addinin nan da hijira ya tsaya da ƙafarsa, mutanen Madina suka raba gidajensu da baƙi. Ya ce hukuma tana da haƙƙin ta bincika wanda zai shigo, amma mai gudun ransa ba a rufe masa ƙofa a ce ya koma inda ya baro wuta. Na ji daga baya cewa huɗubar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Wasu suka ce Malam ya shiga abin da ba ruwansa, wani ma ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce idan wani abu ya faru shi zai amsa. Malam ya ce masa ya yarda, gara ya amsa a nan da ya amsa a can.

Da ya bincika sai ya gano cewa a garin bakin iyakar limamai da fastoci sun riga sun haɗa kai, kullum suna zuwa wajen manyan jami'ai suna roƙon a bar tsofaffi da marasa lafiya da masu goyo su shigo, a bincike su, a san inda za su sauka. Abin da ake nema shi ne mutum sananne da zai tsaya wa kowane baƙo. Yayana ya ce shi dai a yi masa haƙuri. Sai na tuna da dillalin nan na Aliero. Malam ya ce lalura ta halatta mani fita, malama ta raka ni. Mun same shi a rumfarsa, ya tsufa ƙwarai. Da na gaya masa ko ni wace ce da abin da ya faru, sai ya cire hularsa ya riƙe, ya kira sunan mijina, ya sake kira. Tun da aka kashe shi ranar ce na fara jin wani ya ambaci sunansa. Ya ba ni labarin yadda wata shekara mota ta faɗi da kayan mijina, duk da haka mijin nawa ya dawo ya nemi manoman da suka ba shi amana ɗaya bayan ɗaya ya biya su. Na yi kukan da ban samu na yi ba tun daga ƙauye. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, uwar baƙona uwata ce. Gobe mu tahi."

Mun tafi da shi da Malam a motar wani direban albasa. A can muka haɗu da limamin garin da wani fasto dogo mai furfura, mutumin kudancin jihar nan. Ba a yini ɗaya aka gama ba. Kullum su je ofis su zauna a benci, a ce babba ya fita, a ce a dawo gobe, su dawo. Babban jami'in ba mugu ba ne, na ga gajiya a idonsa. Ya ce musu idan ya bar mutum ɗaya ya shigo wani abu ya faru, aikinsa ne zai tafi. Faston ya tambaye shi, idan an ce tsohuwar ta koma, ina za ta koma, tun da garinsu ba kowa sai karnuka? Limamin garin ya ce su ba karya doka suka zo yi ba, shi jami'in ya fito da kansa ya dube ta da idonsa, in ya ga abin tsoro a jikinta su haƙura. Ni kuwa a gidan faston aka sauke ni. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwan alwala, ta nuna mani gabas tun kafin in tambaya. Muna hira take gaya mani cewa saboda aikinta ana barin ta ta ƙetara ta duba marasa lafiya, kuma akwai wata makauniya da ke ba ta tausayi, wadda ta ƙi matsawa ko zuwa rumfar mai shayi, sai leda aka ɗaura mata a reshe. Ta ce kullum takan kai mata kunu, ba sa jin harshen juna, tsohuwar dai ta shafa fuskarta ta girgiza kai, alamar ba ita take jira ba. Sai na kama hannunta. Ta dube ni ta gane.

Daga ƙarshe jami'in ya fita ya zagaya filin da kansa, ya yi waya da na sama da shi, aka yarda a shigo da wasu 'yan kaɗan da aka tsaya musu. Da yawa ba su samu ba, na ga wata mai goyo tana kallon mu har yau ban manta idonta ba. Inna a baro aka turo ta, limamin garin na riƙe da hannun baron ɗaya, faston na riƙe da ɗayan, don ƙasar ta yi laka. Ta rame har na kusa kasa gane ta, tana tari mai fitowa daga can ciki. Na durƙusa na yi mata sallama da harshensu. Ta kai hannu ta shafa goshina, ta shafa hancina, ta daɗe. Na jira ta ce na daɗe, ko ta ce na yashe ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kin samo mana wurin?" Ni kuwa ban samo ba. Duk tsawon lokacin nan ban samo ko inda za ta shimfiɗa tabarma ba. Na ce mata eh.

Malam ne ya rufa mani asiri. Gidan yayana ba hali, gidan dillali kuma cike yake da baƙi maza. Sai ya yi magana da wani abokin karatunsa, limami a Karaye ta ƙasar Maiyama, aka samo mana ɗaki a gidan wata gwauruwa, matar marigayi ladanin garin. Da farko mutanen garin sun yi baya-baya da mu. In na je rijiya hira ta tsaya, in na juya ta ci gaba. Limamin bai yi dogon wa'azi ba, matarsa ya fara aikowa da tuwo, ya kuma riƙa tsayawa a ƙofar gidan bayan sallar asuba yana gai da Inna da ƙarfi yadda kowa zai ji. A hankali akushi ya fara shigowa daga gidaje daban-daban. Wata ta kawo man shafawa, wani ya kawo itace. Duk da haka mu biyu ne kawai a duniyarmu. Inna ba ta jin Hausa, ba mai jin nata sai ni. Da yamma in fitar da ita tsakar gida, ta tambaye ni ko gero ya nuna a nan, ta ce a gida yanzu an fara yanka. Wani lokaci ta manta ta ce in ajiye wa ɗanta tuwo. Sau da yawa na buɗe baki in nemi gafararta, sai ta kawo wani zance. Rannan dai na daure na faɗa, na ce Inna ki yafe mani na bar ki. Ta ce ita ta aike ni, kuma na dawo, mene ne na yafewa? Wallahi da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Tarin nan bai sake ta ba. An kai ta asibiti a Maiyama, aka ce sanyi ya riga ya kama huhu. Bayan an gama girbi, wata safiya ina ba ta kunu, ta kau da kai, ta yi kalmar shahada, ta cika. Matan Karaye ne suka yi mata wanka, waɗanda ba su taɓa fahimtar kalma ɗaya daga bakinta ba. Sahu ya cika har na yi mamaki. Dillali ya zo daga Aliero, Malam ya zo daga Jega, matar faston ma ta biyo motar kasuwa ta zo ta zauna da mu a ɗakin gaisuwa da ɗankwalinta. Yayana ya zo. Da mutane suka ragu ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, ya ce tsoro ne ya yi masa yawa. Na ce na sani, ni ma shi ne ya yi mani.

Yanzu ina Aliero, ina tsintar albasa a rumfar dattijon nan, ina kwana wajen 'yar gwaggota. Ba na rasa ci, ba na rasa sutura. Amma duk wanda ya san rayuwar da na yi a can ya tafi, harshen ma ba ni da wanda zan yi shi da shi, sai in ina wanke-wanke in ji ina yi wa kaina magana. Likita bai ce da ta shigo da wuri za ta rayu ba, kuma na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma ni na san ruwan da ya dake ta ina kwance a ƙarƙashin kwano.

Abin da na koya shi ne, tsoro yana iya sa mutumin kirki ya juya wa nasa baya, kuma ya samu hujjar da zai kwanta da ita. Ina kira ga duk wanda wata masifa ta raba hanya tsakaninsa da mai rauni, kada ya yi saurin karɓar "je ka" daga bakinsa, don sau da yawa kunya da ƙauna ne ke faɗin ta. Idan kuma dole ta sa ka tafi, kada ka zauna kana jiran wanda ya yi maka alkawari, ka buga kowace ƙofa tun da wuri. Ni na yi shiru a ɗaki ina jira, alhali taimakon yana masallacin bayan gidanmu. Malamanmu da fastoci masu tsayawa a bakin iyaka, Allah ya ƙara muku ƙarfi, kada surutun mutane ya sa ku gaji. Ku kuma 'yan'uwana da ke cewa a kori baƙi, ban ce kada a yi bincike ba, ni ma 'yan bindiga ne suka mai da ni gwauruwa. Amma kafin ku ce a rufe, ku je ku ga waɗanda ake rufe wa. Mu ma ranar da muka kwanta a ƙauyenmu da gero a rumbu, ba mu san gobe za a kira mu baƙi ba.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Inna a addu'a. Ba ta da kowa da zai yi mata sai ni.